Shekarar da Dije ta ce Bawa zai ci

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, da damina ta kankama sai a gitta shinge a rufe hanyar mota, don kada manyan motoci su kwaɓe ta. Wata huɗu cur Gwandu ba ta jin ƙarar inji. To, ranar kasuwar Kalgo ta farko bayan an ɗage shingen nan, ita ce ranar tsere. Ba wanda ya kafa abin, haka kawai ya tsiro kamar ciyawar bakin rijiya. Motoci biyu ne ke bin hanyar. Ɗaya ta Bawa ɗan Gwandu, koriya shar, ana ce mata Guguwa. Ɗayar ta Yusufu ɗan Kalgo, wadda ta sha jiki har ake ce mata Tsohuwa. Duk wanda ya riga shiga kasuwar Kalgo, shi makaɗa za su yi wa kiɗa, shi fatake za su bai wa kayansu har wata daminar. Saboda haka ranar tsere direba ba ya cika mota. Rabin kaya, mutum goma sha, shi ke nan.

Tun gero bai nuna ba ake fara gardama a gindin tsamiyar tasha. Mai shayi yana da nasa ra'ayi, mahauci yana da nasa, har da makahon da bai taɓa ganin mota ba. Amma in an gama surutu, bakin Dije ake kallo.

Dije Bafulatana ce mai tallan nono, rugarsu tana can gaba da Dalijan, kusa da mashigin rafin da motoci ke ƙetarawa. Kullum da ƙafa take bin hanyar nan zuwa Gwandu, ta san inda yashi ya yi laushi, ta san inda marmara ta fito. Tana zaune a tasha kuma, kunnenta ya saba da tarin kowane inji kamar yadda ta san kukan kowace saniyarta. Shekara uku a jere tana faɗin wanda zai ci, kuma shi ɗin ke ci. Mutane suka ce bakinta na da sa'a. Ita dai ta san ƙafarta ce da kunnenta.

Bara ma ta ce Bawa zai ci, ya kuwa ci. A ranar ce ya yi mata abin da ya yi.

Tana da karsana fara mai baƙin kunne, jinin shanun uwarta, ita kaɗai ta rage daga wannan tsatso. Ran tseren bara Dije tana koro ta daga shan ruwa, Guguwa ta ɓullo daga kwana, ta kwashe ƙafafun karsanar ta watsar da ita gefen hanya. Karsanar ba ta mutu nan take ba. Tana shure-shure, idonta a buɗe. Mazan ruga duk suna daji, mace kuwa ba ta yanka. Dije ta tsaya tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu tana kururuwa, a taimaka a sa wuƙa. Maza fiye da goma a bayan motar nan, kowa da wuƙa a kugunsa. Bawa ya waiwayo, suka haɗa ido, ya ƙara wuta. Na bayan motar suna ta ihun murna. Da Yusufu ya iso ya tsaya, ya diro da wuƙa a hannu, amma rai ya riga ya fita. Karsanar ta zama mushe, ko fatarta Dije ba ta iya kallo ba. Ungulaye suka yi kwana biyu a kanta.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ta bar wa Allah. Sai washegari a tasha wani ya yi wa Bawa maganar, ya tuntsire da dariya ya ce, "Ku gaya mata ta koya ma shanunta gudu." Aka yi shewa. Dije tana zaune da ƙwaryarta, tana zuba wa wani nono, tana ji. Mijinta Sambo ya ce a kai ƙara gaban alƙali, ta ce a'a. Ba diyya take so ba. So take ta ga Bawa a ƙasa, a gaban mutanen nan da suka yi masa shewa.

Shekara ta zagayo. Bana ruwa ya jima bai ɗauke ba, an yi na ƙarshe sati biyu kafin a ɗage shinge. Dije tana ƙetara mashigin safe da yamma. Samansa ya bushe ya yi ɓawo, ka ce daɓe ne. Wata safiya ta soka sandar Sambo a tsakiya, sandar ta shige har rabi, ta fito da baƙin taɓo. Ta gwada nan, ta gwada can. Mota mai sauƙin kaya, in ta zo da gudu, za ta wuce. Mai nauyi kuwa ta zauna. Dije ta wanke sandar, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi Gwandu.

Ta tarar gindin tsamiya ya kaure.

"Guguwa an sake mata tayu huɗu sababbi a Sakkwato," in ji Abubakar mahauci. "Ni na gani da idona. Tsohuwa kuwa in ta yi tari sai ka tausaya mata."

"Tsohuwa ta san hanya," in ji mai shayi, wanda uwarsa 'yar Kalgo ce.

"Kakata ma ta san hanya, amma ba ta tsere."

"Kai dai bara da ba don Yusufu ya tsaya ba..."

Nan maganar ta mutu, don sun ga Dije ta sauke ƙwarya. Abubakar ya yi gyaran murya.

"Goggo Dije, mun kwan lahiya? Ya shanu? To, bana mi kinka gani?"

Ta ɗauki lokaci tana kaɗa nono da ludayi. Kowa ya zuba mata ido. Sun zaci haushin bara zai sa ta ce Yusufu.

"Bawa ka ci," ta ce. "Ba ko kusa ba. Sai ya sha hura ya yi salla kahin Tsohuwa ta iso."

Wuri ya ɗauki sowa. Abubakar ya buga cinya ya ce, "Kun ji ko? Wadda yac cuta ma ta ce shi ka ci! Wagga magana ba son rai cikinta."

"Gaskiya ba ta da dangi," in ji Dije. "Ni dai in da namiji nike, ba a ba ni labarin wanga tsere. Cikin motar za a gan ni. Irin cin da za a yi bana, jikoki za a ba labari, a ce wane na ciki."

Maganar nan ta zaga Gwandu kafin azahar. Ta kai ƙauyen Maruda, ta kai Ceberu. Amma Dije ta san Bawa ba wawa ba ne, zai iya korar abokai da maƙwabta. Mutum ɗaya ne ba zai iya kora ba.

Malam Isa, uban matar Bawa, dattijo ne mai sayen gero yana kaiwa Kalgo, kuma yana son a san da shi. Dije ta kai nono gidansa, ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, na ji ana shirin tsere. Kai da geronka sai sati mai zuwa ke nan?"

"Haka aka saba. Ranar tsere ba a cika kaya."

"Awo, haka ne." Ta gyara faifan ƙwarya. "Ni dai kunya nike ji maka. A ce surukinka ya shiga Kalgo da kiɗa, 'yan tasha na bisa mota suna ɗaga hannu, kai da ka ba shi ɗiya kana zaure kana jiran labari. Mutanen Kalgo za su ce ko ba ku shiri."

Malam Isa ya shafa gemunsa. Dije ta yi sallama ta tafi.

Ranar tsere da hantsi motocin biyu suka jera a tasha. Bawa ya sha farar riga da jar dara, yana zagaya Guguwa yana shafa ta. Ya riga ya zaɓi mutanensa goma. Sai ga jakuna shida sun ɓullo, kowane da buhu biyu, Malam Isa a gaba da sabon rawani.

Bawa ya zube ƙasa ya cire takalmi. Kansa a sunkuye ya yi gaisuwa.

"A ɗora su," in ji Malam Isa. "Yau da ni za a shiga Kalgo."

A ƙasar nan, mutum ba ya ɗaga ido ya kalli surukinsa, balle ya ce masa kayanka sun yi nauyi. Aka ɗora buhu goma sha biyu. To, da aka ɗauki suruki, da wane baki za a hana kawu? Kawun Bawa ya hau da buhun gyaɗa uku. Malamin da ya koya masa karatu ya hau. Wanzamin da ya yi masa kaciya ya hau. Abubakar ya hau da rago biyu. Mutanen Maruda suka ce ai da ƙafa suka taso tun asuba, ba su komawa. Kafin a ankara Guguwa ta cika ta batse, mutane har bisa rufin mazaunin direba, bayanta ya tsuguna kamar raƙumi. Tsohuwa kuwa mutum bakwai ne a ciki da kwandon kaji.

Dije ba ta ga wannan ba. Tun safe tana can bakin mashigi, a inuwar wata kanya, ta shimfiɗa ɗan buzunta.

Guguwa ce ta fara ɓullowa, don duk da nauyin, injinta sabo ne. Ana kaɗa kalangu a samanta. Ta gangaro, ta taka ɓawon nan, ta yi taku kamar ashirin. Sai ƙasa ta buɗe. Tayun baya suka nutse har gindi, injin ya yi gurnani, taɓo ya tashi sama ya sauko kan sabon rawanin Malam Isa. Bawa ya ƙara wuta, ta ƙara zama. Kalangu ya yi shiru.

Ba a jima ba sai ga Tsohuwa tana tari. Yusufu ya rage gudu zai tsaya, Dije ta miƙe ta daka masa tsawa: "Wuce! Ba wanda ka mutuwa nan!" Ya dubi jama'a, ya ga kowa lafiya, ya ratse ta gefe. Tsohuwa ta yi tangal-tangal, ta haye, ta yi Kalgo.

Aka sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya, aka sauko da raguna. Bawa ya tuɓe farar rigarsa ya shiga taɓo har cinya yana tona da hannu. Abubakar ne ya fara hango Dije.

"Goggo! Ke kinka ce shi ka ci!"

"Ni na ce."

"Bakinki ya yi kuskure bana."

"Bai yi kuskure ba. Ƙarya na yi muku." Ta tako har bakin taɓon, yadda kowa zai ji. "Na san wagga laka tun sati biyu. Na san in kunka cika mota nan za ku kwana. Ni na je na zuga Baffa, don na san Bawa ba shi iya ce mai a'a. Bara ku goma sha kuna bisa wagga mota da wuƙaƙe, na ɗaga hannu ina roƙo, kuna shewa. Na ƙirga ku. Ga ku nan duka."

Malam Isa ya juya ya dubi surukinsa. "Gaskiya ta faɗa? Dabba na shure-shure ka wuce?"

Bawa bai ɗago ba. Ba shi da ikon ɗagowa.

"Daga yau ba mai sake tambayarki komi," in ji Abubakar. "Nononki ma ki sha abinki."

"Na sani," in ji Dije.

Wani ya ce a roƙe ta ta kira mazan ruga su taya turi. Ta ce mazan ruga suna daji. Ta koma inuwar kanya ta zauna a kan buzunta, ta miƙe ƙafa. Rana ta take, ƙuda ya taru, Bawa yana ta tona. Can wajen la'asar wani mai jaki da ya fito daga Kalgo ya tsaya yana ba da labarin irin kiɗan da aka yi wa Yusufu, da yadda fatake suka yi masa caa. Dije ta sa ya sake faɗa daga farko, da ƙarfi, wai ba ta ji sosai ba.