Ƙurar Ɗakin Jariri

Renzo Baldassi mutum ne da ba ya huda bango sai ya leƙa cikinsa. Tun yana da gashi a ka yake zura wayoyin intanet da na kyamara a tsofaffin gidajen garin Fremantle da ke bakin teku, kuma duk gidan da ya shiga sai ya fara kwance soket ɗaya, ya haska tocila, ya ga da me aka yi bangon. Masu gida su yi ta tsaki suna duba agogo, shi ko a jikinsa. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa ya yi aiki can arewa a mahaƙar asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da a dā ake haɗa allon bango da shi, ya dawo gida da ƙura a huhu, ita ce ta yi ajalinsa a hankali, da tari da tukunyar iskar numfashi a gefen gado.

To amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Asabar ya je gidan 'yarsa Gilda, mai tsohon ciki. Ita da mijinta Lachlan sun sayi wani tsohon gidan katako, suna son waya ta sauko daga rufi ta cikin bango zuwa ɗakin jariri, don kyamarar da za a riƙa ganin yaro daga kicin.

"Ai akwai marar waya, Renzo," in ji Lachlan, yana juya nama a kan wuta a tsakar gida. "Ka manna kawai ka zo mu ci."

"Marar waya! Jikana za ka bar wa iska ta yi gadinsa? Kai dai juya namanka, kada ka ƙone shi irin na bara."

Ya shiga ɗakin, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Allon filasta ne sabo, fenti ma bai gama bushewa ba. Ga ƙanshin nama yana shigowa ta taga, ga Gilda tsaye a gefensa riƙe da kwali za ta tare ƙura, tana ta ba shi labarin sunayen da suka zaɓa. Soket kuwa yana bayan kabad mai nauyin tsiya. Ya dube shi, ya ce a ransa sabon allo ne, me za a gani? Ya ɗauki ƙaramin zartonsa ya kafa.

Zarton ya wuce allon farko kamar burodi, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Ya ƙara ƙarfi. Ƙura mai toka-toka ta tashi, ta sauka a kwalin, ta sauka a hannun Gilda da gaban rigarta. Gilda ta yi atishawa, ta yi dariya.

Renzo bai yi dariya ba. Ya ciro ɓallin da ya yanke, ya juya shi. A bayan sabon allon akwai tsohon bango, wanda masu gidan na dā suka lulluɓe suka bar shi a wurin, kamar yadda ragwaye suka saba don gudun wahalar ɓamɓarewa. A bakin yankan ga wasu siraran zaruruwa sun yi cirko-cirko.

"Fita."

"Baba, lafiya?"

"Ajiye kwalin nan a hankali. Kada ki kaɗe rigar! Na ce kada ki kaɗe. Fita, ki cire ta ki sa a leda, ki shiga wanka."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi zaruruwan, dariyar ta ɗauke. Ta san kakanta. Tana ƙarama ta sha zama a bakin gadonsa.

Ya jiƙa tsumma ya toshe ramin, ya rufe ƙofa, ya bi gefenta da salatif sama da ƙasa. Nama ya ƙone ƙurmus babu wanda ya kula. Lachlan ya yi ta cewa ai shaƙa ɗaya ba ta yin komai, haka ya karanta. Wataƙila ma gaskiyarsa ce, amma Renzo ya yi masa wani irin kallo, dole Lachlan ya kwashi matarsa ya kai ta gidan iyayensa.

Wurin gwajin da zai kai ɓallin ba sa buɗewa sai Litinin. Wayyo, Lahadin nan ta yi wa Renzo tsawo! Ya je coci bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya zauna a bakin teku da kifi da dankali a takarda, tsuntsaye suka cinye rabi yana kallonsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cutar ba ta gaggawa. Sai mutum ya shekara talatin garau, sannan tari ya fara. Ke nan shi ba zai ma gani ba. Yana kabari hankali kwance, Gilda na zaune a bakin gado tana neman numfashi, saboda ubanta ya ji ƙyuyar ture kabad.

Gilda ta kira shi a waya da yamma, tana ƙoƙarin sa wasa a muryarta.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake yi. Muryarka irin ta mai jin yunwa ce."

"Kina tari?"

"Haba Baba! Ko kaza ce ni ai cutar ba ta kai nan ba tukuna."

Litinin tun kafin su buɗe yana bakin ƙofa da ɓallin a cikin leda biyu. Washegari da hantsi, yana zaune a motarsa a ƙofar gidan Gilda ya kasa tafiya wani aiki, wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce daga wurin gwajin.

"Babu asbesto a ciki, ko ɗigo. Tsohuwar filasta ce irin ta kafin yaƙin duniya. Zaren igiya ne da gashin doki suke cakuɗawa a ciki don ta yi ƙarfi."

"Gashin me?"

"Doki."

"Ki sake faɗa, don Allah."

Ta sake faɗa, har da 'yar dariya. Ya yi mata godiya har ta gaji ta ajiye.

Da Gilda da Lachlan suka iso, sun tarar ya riga ya ɓamɓare salatif, ya buɗe taga, har ya ture kabad ɗin shi kaɗai ya kwance soket ya leƙa, ko da yake yanzu leƙen bai da wani amfani.

"Wato doki muka yi wa gudun hijira," in ji Lachlan.

"Kai, riƙe min tsani ka rage surutu."

Gilda ta buɗe hannuwa za ta rungume shi, ya goce, wai jikinsa duk gumi ne, kuma rana na yi, in kwano ya ɗauki zafi rufin ba ya shiguwa. Ta bar shi. Ta san ubanta, in abu ya cika masa zuciya aiki yake nema.

Ya haye cikin rufin da rarrafe, yana taka katako yana kauce wa silin. Ya gano saitin ɗakin, ya huda katakon saman bango, ya ɗaura dalmar kamun kifi a bakin igiya ya zura. Ta sauka, ta maƙale a katakon tsakiya. Ya ɗaga, ya karkaɗa, ya sake saki. Ta sami kafa a gefen tsohon bangon ta wuce sumul.

"Na gan ta!" Muryar Gilda ta taso ta cikin bangon tar, kamar tana gefensa. "Na kama, Baba. In ja?"

"Ja a hankali."

Igiyar ta fara tafiya, shuɗiyar wayar da ya ɗaure a ƙarshenta na bin ta, tana zamewa ta tsakanin yatsunsa. Nan, a cikin duhu da zafi, inda yake ganin babu mai ganinsa, abin ya ƙwace masa. Ya kifa goshi a kan katako ya yi ta kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa, kafaɗunsa na rawa, wayar na ci gaba da wucewa a hannunsa.

Sai wayar ta tsaya. Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Ta maƙale ne?"

"A'a. Baba, ramin nan fa yana kawo magana. Ina jin ka."

Ya sake kifa goshinsa a kan katakon.

"Yi abinka, kada ka yi sauri," ta ce, ita ma muryarta ta canja. "Ina riƙe da wayar. Ina nan, lafiyata ƙalau."