Na Ce Jabu Ne

Ni na fara ganin aibin bakan nan, kafin Auta, kafin mijinta, kafin masu takardun da suka zo daga baya suna juya shi da safar hannu. Ban taɓa zama a aji ba, amma a kan aikin kafinta na tsufa, kuma katako bai taɓa yi mini ƙarya na yarda ba. Rufin sito ya taɓa ruftowa a kaina, na fito da ƙafafuna. Zarto ya cinye mini yatsu biyu, da gari ya waye na koma aiki. Ciwon da ya kwashe abokan aikina ya zo kaina, ya gaji ya tafi. To ni ba mutumin da za a nuna wa fenti ya ruɗe ba ne.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta gado hannuna. Tun tana ƙarama na sassaƙa mata baka da guntun katakon da ya ragu a shago. Ta girma ta zama mai koyar da harbin kibiya a zauren wasanni, wani dogon ɗaki mai rufin kwano da aka jera allunan saiti a ƙarshensa. Bakansu na zamani ba irin nawa ba ne. Mariƙi ne na ƙarfe a tsakiya, sai rassa biyu da ake ɗaurawa sama da ƙasa, an yi su da siraran katako da roba mai tauri an manne da gam. Irin rassan nan ta saya sabbi a intanet, daga wani babban shagon kayan harbi.

A kan teburin cin abinci ta buɗe kwalin, tana murna kamar yarinya. Na ɗauki reshen sama na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, daga gindi har kai. Wajen tsakiya sai na ji yana amsawa kamar gwangwanin da ba kowa a ciki. Gam bai kama ba.

"Auta, wannan jabu ne," na ce.

Ta kwashe da dariya. "Baba, kai ai komai jabu ne a wurinka. Shayin jiya jabu, fankar falo jabu."

Mijinta, mai walda ne, yana wanke hannu a bakin famfo, ya ce, "Ni ma da na zo gaishe ka karon farko jabu ka ce."

"Kai kam har yau ban janye ba," na ce masa.

Aka yi dariya, aka ci abinci, ta mayar da kayanta cikin jaka.

Wata rana da hantsi abin ya faru, a zaure, a gaban ɗalibanta. Ta ɗora kibiya, ta ja tsirkiya har kumatu, reshen sama ya tsage. Tsinken roba ya shige ta a idon dama. Ko da na isa asibiti an riga an naɗe mata rabin fuska. Likita ya ja mu gefe, ni da mijinta, ya ce idon zai riƙa gane haske da duhu, amma iyakarsa ke nan. Idon dama kuwa da shi take saiti. Na tsaya a barandar nan mai warin magani, ni da rufi bai durƙusar ba, sai da na nemi benci.

Da aka sallamo ta, tana zaune a gado da bandeji, ta ce a miƙo mata waya. A shafin shagon akwai wurin da masu saye ke rubuta ra'ayinsu su ba da taurari. Ta ba su tauraro ɗaya, ta sa hoton reshen da ya tsage, ta rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ƙari. Sannan ta rufe da cewa, "Jabu ne, kada ku saya." Kalmata ce, kuma na ji daɗi da ta sa ta. Mutane suka yi ta yaɗa rubutun, har waɗanda ba su taɓa riƙe baka ba.

Ba a jima ba saƙon lauyan shagon ya iso, wai za su maka ta a kotu saboda ɓata suna.

Muka nemi tamu lauyar. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a saman kantin magani, fanka na kaɗa takardu, an danne su da kofin shayi. Mace ce mai natsuwa, ta karanta rubutun Auta, ta sake karantawa, sannan ta ɗora biro a kan layin ƙarshe.

"'Yar'uwa, duk abin da ke sama ba wanda zai taɓa ki a kansa," in ji ta. "Kin ce ya tsage, gaskiya ne. Da kin ce shi ne mafi munin baka da kika taɓa riƙewa, ra'ayinki ne, kina da 'yancin faɗa. Amma jabu, a wurin shari'a, yana nufin sun sayar miki da kwaikwayo da sunan na asali. Su kuwa suna da shaidar cewa daga masana'anta suka ɗauko. Ta kalmar nan suka shigo."

Na ce wa lauyar, "'Yata, tsaya. A bakinmu duk abin da ya kasa aikin da aka yi shi dominsa jabu ne. Kujerar da ta karye da mai zama jabu ce, ko daga ina aka ɗauko ta."

"Baba, a gida haka ne. Alƙali ba haka zai ji ta ba."

"To idon fa? Shi ma ra'ayi ne?"

Lauyar ta cire tabarau. Ta ce maganar ido wata shari'a ce daban, sai an nemo masani ya duba reshen, a yi ta zuwa ana dawowa shekara da shekaru. Kuma shagon sun riga sun fara cewa wai Auta ce ta saki tsirkiya babu kibiya, abin da ko ɗan koyo ya san yana fasa baka. Auta da take koyar da hana wannan kullum! Lauya ta ce ana iya yin nasara, amma kafin a kai can shagon waldan mijin Auta zai iya tafiya, har da gidan. Ko kuma a karɓi sulhun da suka kawo: Auta ta goge rubutu, ta ba da haƙuri a fili, ta bar maganar ido, kuma kada ta sake cewa komai a kan rassan nan, a rubuce ko da baki.

Muna fitowa shugaban zauren ya kira Auta a waya, ya ce ta huta tukuna har ƙura ta lafa. Shagon nan ne ke ba zauren alluna da kibau.

A gida na ce a yi shari'a. Na buga tebur, na ce ni ba a taɓa sa ni na haɗiye gaskiya ba, kuma jinina ba zai fara ba. Mijinta ya sunkuyar da kai yana murza tabon ƙuna a hannunsa. Can ya ce, "Baba, da dai ba a sa kalmar nan ba." Na ce kalma ba ta tsone wa kowa ido ba, reshe ne ya tsone. Har gobe a nan nake.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo gaba ɗaya don ta gan ni da idon hagu, ta ce, "Baba, kai ka saba rufi ya faɗo maka ka tashi. Ni yara gare ni a ƙarƙashin nawa."

Ta sa hannu. Su suka rubuta ban haƙurin, ita ce kawai za ta manna a shafinta. Na ga ta kawo wayar dab da fuska tana bin layukan da ido ɗaya, leɓenta na motsi. Da ta zo wurin da aka ce kayan shagon ingantattu ne, sai ta miƙa wa mijinta ta ce, "Danna mini, ba na gani sosai." Ni na san tana gani.

Zauren suka mayar da ita aiki. Ta fara koyon saiti da hagu, kibiyarta na bin gefen allo, ɗalibai na kawar da kai don kada ta ji kunya. Duk wannan ta jure, don ita ma ba ta da saurin karaya. Abin da ya gama da ita daban ne. Wata ɗalibarta, matar aure mai shayarwa, ta shigo da kwali tana fara'a, ta buɗe. Rassan nan ne, iri ɗaya, launi ɗaya, daga shago ɗaya.

"Malama, na ga kin ce masu kyau ne, shi ya sa na saya. Ki ɗaura mini mana."

Da yamma Auta ta same ni a benci a ƙofar gida, ta zauna kusa da ni kamar lokacin da take ƙarama. Ta ce, "Baba, na buɗe baki, sai na tuna na sa hannu."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta sayi tabarau mai kauri na kare ido. Na ce hannuna na ciwo, ba zan iya ɗaurawa ba. Sannan na kai wa shugaba makullai."

Tun daga ranar ba ta sake taka zauren ba. Yanzu a shagon mijinta take zama, tana karɓar masu kawo gyaran ƙofa, ta juya wa tartsatsin walda baya. In an yi maganar harbi sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

To, ita ta sa hannu. Ni ban sa ba, ban ma iya sa hannun ba. Ba ni da shafin da za a goge, ba ni da shagon da za a ƙwace, shekarun da suka rage mini kuwa ba su isa a ja shari'a da su ba. Washegarin ranar da ta ba ni labarin nan na ɗauki sandata na je ƙofar zauren, na jira matar nan mai shayarwa, na faɗa mata da bakina. Ta mayar da kayan ko ba ta mayar ba, ban sani ba. Kuma nakan koma can in zauna a kan dakali, duk wanda na gani da irin kwalin nan sai ya ji daga gare ni.

Jabu ne. Na faɗa, na ƙara. Lauyansu ya zo ya same ni, a dakalin nake, ba na ɓuya. Wanda kuma yake ganin surutun tsufa ne, ya je ya sayo nasa, ya ɗaura, ya cire tabarau, ya ja tsirkiyar har kumatunsa a gabana. In ya isa.