Fitilar Inno

Tun da Baturen auna ƙasa ya tafi gida ya bar wa Sama'ilu tsohuwar kamara da gilasai biyu na ɗaura mata a gaba, mutanen Kazaure ba su huta ba. Mako uku yana shawara da kansa: dogon gilashi ko gajere? Gajeren ya fi shan haske, dogon kuwa ya fi kwarjini. Sama'ilu mutum ne mai son a gani, sai ya ɗauki dogon.

Burinsa hoton taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Amininsa Muhammadu Lawal ya rantse a gaban majalisa Sama'ilu ba zai iya ba, ga shi fim ɗaya ya rage.

Ya ɗauki matarsa Tasalla suka tafi Roni, gidan surukarsa Inno, don can duhu ya fi kyau. Bayan sallar isha'i ya kafa kamara a kan dutse ya buɗe ta. Rabin sa'a take bukata, ba motsi, ba haske.

Sai ga Inno da fitila.

"Wane irin abin kunya ne wannan? Surukina zaune cikin duhu, a gidana?"

Ran Sama'ilu ya ɓaci ƙwarai, amma wa zai ce wa surukarsa ta koma? Ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Na gode, Inno. Allah ya ƙara girma."

Ta ɗaga fitila, ta leƙa cikin gilashin ta daɗe, wai tana neman inda taurarin suke shiga.

Da aka wanke hoton a Kano, sai ga wani farin gajimare dishi-dishi da ɗigo biyu masu ƙyalli. Muhammadu Lawal ya juya shi sama da ƙasa.

"Wallahi irin wannan na gani a littafin Bature. Ka wuce Kaza, malam, ka kamo abin da ke bayanta!"

Sama'ilu ya gyara hula. Ya rataye hoton a zaure, mutane na zuwa kallo har daga Gwiwa.

Rannan Tasalla ta zo shara, ta tsaya a gabansa ta ƙura ido.

"Malam, me 'yan kunnen Inno suke yi a sama?"

Washegari ya sayo mata sabon zane na toshiyar baki.