Bayan Eskil a Jarida

"Ka samo?" in ji Borghild, tun Tollef bai gama kakkaɓe ƙanƙarar takalmansa ba.

Ya samo. Tafiyar awa uku ya yi zuwa gidan fasto ya aro jaridar. Maƙwabcinsa Eskil, mijin Borghild, kwana shida ke nan yana kwance, tun da gumagumai suka kwance a gangaren daji suka bi ta kan ƙirjinsa. Buri ɗaya ya rage masa. Bara wani mai zane daga birni ya wuni yana zana su suna lodin itace, aka sassaƙa zanen a katako aka buga a jarida. Eskil bai taɓa yin hoto ba, so yake ya bar wa matarsa fuskarsa.

Tollef ya riga ya duba a hanya, shi ya sa ya shigo jiki a sanyaye. Dokin da ke jan itacen ya fito tsaf, har da farin goshinsa. Eskil kuwa ga shi nan a sunkuye, ya ba duniya baya. Ran nan mai zanen ya yi ta roƙonsa ya juyo, shi kuwa sarkin taurin kai ya ce ba a ɗauke ido daga sarƙa ana cikin ɗauri.

Idanun Eskil sun riga sun dushe. "Na fito?"

"Ka fito."

"Hancin fa?"

"Ya cinye rabin shafi. Wallahi dokin ma ya fi ka kyau."

Eskil ya yi dariya, dariyar ta zo da jini. "Ɗan banza. Ba ta ta gani."

Tollef ya miƙa mata, ya kasa kallonta. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai ne sak," ta ce.

Kafin a tatsi shanun yamma Eskil ya cika. Ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa, sai aka ajiye shi a rumbu har ƙanƙara ta narke.

Ran Asabar Tollef ya zo karɓar jaridar, don fasto ya ce lallai a mayar masa ran Lahadi. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Borghild na zaune kusa da taga, ta ɗaga takardar ga haske, tana karkata ta kaɗan-kaɗan, ko za ta hango gefen fuskar mijinta.