Bakin Malama

"Tambaya ta huɗu!" Malama ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta tashi, takunkumin fuskarta yana shiga bakinta yana fita. "Na ce ta huɗu! Wanda bai ji ba ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Yara sun duƙufa, kowa shi kaɗai a kan bencin da a da mutum huɗu ke matsuwa a kai. Tun da aka buɗe makarantu bayan dogon kullen annoba aka raba kowane aji biyu, 'yan safe da 'yan rana. An ja layin jan fenti a ƙasa tsakanin malami da ɗalibai, ba a tsallakawa. Yau kuwa ranar gwajin tantancewa ce: wanda ya ci ya zauna jarrabawar fita, wanda ya faɗi ya maimaita aji. Ba a raba takardar tambayoyi ba, wai kada cuta ta bi hannu. Ba a rubuta a allo ba, don Hedimasta ya ce 'yan rana za su leƙo ta taga su kwashe. Sai dai malami ya karanta da baki, ta cikin ƙyalle. Wanda ya kawo wannan dabara, Allah Ya saka masa daidai da aikinsa.

Idon Malama yana kan yarinya ɗaya. 'Yar Gaba ake ce mata, domin tun da ta shigo makarantar ba ta taɓa yarda ta zauna ko'ina ba sai bencin farko, daf da teburin malami. Ita ce ta ɗaya a lissafi, kuma da ita Malama ke yi wa sauran gori. To, a zaman kulle yarinyar ta miƙe ta yi tsawo, da aka dawo aka jera yara bisa tsayi, sai ta faɗa bencin ƙarshe, jikin bango. Tun daga ranar ta zama kamar an musanya ta. A kira ta, shiru. A tambaye ta, ta zuba wa mutum ido. Yanzu ma ga ta can, biro a hannu, ba ta rubuta komai.

Da aka tashi, yara suka riƙa jefa takardunsu cikin kwali, don sai sun kwana biyu kafin malami ya taɓa su. Malama ta ga ta 'Yar Gaba tana faɗawa ciki. Fara fat, ban da suna.

Ta tare yarinyar da hannu, ta nuna mata benci. Sai da ajin ya watse ta fara.

"Ke, wane irin iskanci ne wannan? Ni za ki kunyata? Ina bugun ƙirji da ke a ofis, ashe kin je gida kin zubar da karatun a kwata! Darasin rediyo da aka yi ta yi muku wata da watanni, ina kike? Barci?"

Yarinyar ta kafa wa takunkumin ido. Wannan kallon ya ƙara tunzura Malama. Ta yi ta faɗa har maƙogwaronta ya bushe, tari ya sarƙe ta. Ta ja da baya, ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta kurɓi ruwa daga gorarta. Cikin takaici ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Ina jin ko bakwai sau takwas ba ki sani ba yanzu."

"Hamsin da shida, Malama."

Gorar ta tsaya a hannun Malama. Ta dubi yarinyar. A hankali ta mayar da takunkumin, ta ɗaga murya ta ce, "Tara sau shida?"

Shiru.

Ta sauke shi. Wannan karon ba ta fitar da sauti ba ko kaɗan, leɓɓanta kawai ta motsa.

"Hamsin da huɗu," in ji 'Yar Gaba, idonta ya ciko da hawaye.

Malama ta nemi kujera ta zauna. Innalillahi! Shekara nawa tana tsayawa gaban yarinyar nan tana ce wa aji, "Ku dubi yadda take kallona, haka ake sauraren malami." Ashe ba sauraro take yi ba, bakinta take karantawa. A rediyo kuwa, ina za ta ga baki? Kunya ta rufe Malama, ga tausayi, ga haushin kanta.

Uwar yarinyar tana guga a wani shagon wanki da ke bayan makaranta. Maigadi ya je ya kirawo ta. Ta shigo da sauri tana goge hannu a zane, ga tabon dutsen guga a damtsenta. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Malama a buɗe, ta dubi 'yarta, ta gane an gane.

"Malama, ki rufa mana asiri," ta ce, tana neman durƙusawa.

"Tashi, Yaya, tashi don Allah. Tun yaushe?"

"Tun tana ƙarama. Sanƙarau ne ya kama ta, ta tashi, amma ya tafi da kunne ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Ƙararrawa kawai take ji, da ihu. Magana kuwa sai ta ga baki. Makarantar farko da na faɗa musu gaskiya, ranar suka sallame mu. Da muka zo nan na ce mata, ke dai ki zauna gaba, ki kama bakinki, ki kalli na malami."

"Duk zaman kullen nan fa?"

Matar ta yi wata dariya marar daɗi. "Rediyon ta rungume kamar jariri, ta manna kunne har ya yi ja. Ni nake saurara ina maimaita mata da bakina. To, Malama, ni da ban wuce aji uku ba, me zan maimaita? In malamin rediyon ya ce a raba kaza da kaza, kafin in juyo ya wuce."

Malama ta miƙe, zuciyarta ta yi zafi. "Wannan zalunci ne, kuma yau za a gyara shi. Yanzu zan je wurin Hedimasta. A rubuta mata tambayoyin a takarda, a mayar da ita bencin gaba. Wallahi sai ta fi kowa ci."

"A'a, Malama! Ki bar ta ta faɗi. Ta maimaita ajin, ba komai. Annobar nan ai za ta wuce, a cire ƙyallen nan, ta koma yadda take."

"Ta yi asarar shekara a banza, alhali ta fi su duka? Haba, Yaya! Hedimasta mutum ne mai tausayi, na san shi."

"Ni kuma na san ofis," in ji matar a hankali. Amma Malama ta riga ta ja takunkuminta ta fita.

Hedimasta yana zaune bayan tebur, taga a buɗe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Annobar ta ɗauke matarsa ana tsakiyar kulle, tun daga nan ba a ƙara jin yana tsokanar kowa ba. Ya saurari Malama har ta gama, bai katse ta ba. Sannan ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Malama, me ya sa kika faɗa mini?"

"Ranka ya daɗe, don a yi mata adalci."

"Kin manta abin da aka gaya mana a taron buɗe makaranta? Duk yaron da ke da wata lalura ta musamman, ya zauna gida sai an ba da sanarwa. Wai don kare lafiyarsu."

"Ai wannan don masu asma ne da ciwon zuciya! Kunne fa, ranka ya daɗe. Cutar ta kunne take shiga?"

"Na yi wannan tambayar da bakina. Aka ce lalura lalura ce, ba a ware ba." Ya mayar da tabarau. "Masu duba makarantu suna zuwa ba sallama. Da suka sami yaro mai farfaɗiya a makarantar da ke tsallaken titi, rufe ta suka yi gaba ɗaya. Yaran da suka rage mini, da ƙyar na tattaro su, rabi sun tafi talla da gareji ba su dawo ba. In rufe musu ƙofa saboda mutum ɗaya?"

"To, a yi kamar ban faɗa ba."

Ya juya kai wajen ƙofa. Malamai biyu suna tsaye a baranda, sun yi tsit, ga maigadi yana share wurin da babu datti. Malama da muryar aji ta yi maganar, muryar da ta saba huda ƙyalle.

"Da faɗuwa kawai ta yi," in ji Hedimasta, "da gobe tana cikin aji. Yanzu kuwa sai makarantar kurame, in an buɗe ta."

"Yaushe za a buɗe?"

Ya buɗe tafin hannuwansa biyu.

Lokacin da ta fito, 'yan rana sun fara layi a bakin ƙofa, suna wanke hannu a bokiti mai famfo, maigadi ya koma yana auna musu zafin goshi. Uwar da 'yar suna tsaye gefe a inuwar katanga. Uwar ta dubi tafiyar Malama kawai, ta sunkuyar da kai, ta karɓi jakar makarantar daga kafaɗar yarinyar ta rataya a tata.

'Yar Gaba ba ta lura ba. Ta matso da sauri, ta tsaya daf da Malama kamar yadda take yi a bencin farko, fuskarta a sake, ta ɗaga kai ta zuba wa takunkumin ido tana jira a sauke shi.

Malama ta kai hannu fuskarta. Yatsunta suka kama bakin ƙyallen, suka tsaya. Sai ta ƙara jan shi sama, har ƙarƙashin idanunta.