Muryar da Ke Kiran Lado

Inna Hassana na tankaɗen gero a tsakar gida sa'ad da wayar ta yi ƙara daga cikin ƙwaryar da ake ajiye ta. Wata murya ta mace, marar ɗumi, ta yi Turanci, amma kalmar farko ba ta bukatar tafinta.

"Lado."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Zakiyya, matar marigayin, ta sunkuyar da kai a bakin ƙofar ɗakin da take takaba.

"Me ta ce yau?" in ji tsohuwar.

"Wai sun yi kewarsa, Inna. Wai ya dawo, akwai wasa ranar Asabar."

An haifi Lado a 1991, shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, kuma shi ne ɗan fari. Saboda haka mahaifiyarsa Inna Hassana, bisa kunyar da ta gada, ba ta taɓa furta sunansa ba. Matarsa "maigida" take ce masa, ƙanensa Abdulrauf kuma "Yaya". Tun da aka tsinci gawarsa a gindin duwatsu, makiyaya suka ce zamewa ya yi, kowa ya yi shiru bai musa ba, sai ya koma "marigayi" a bakin duniya. Abu ɗaya ne ya rage yana kiransa: manhajar cacar ƙwallon da ta cinye garken mahaifinsa saniya bayan saniya, har ya rage karsana guda a turke. Shi ya saita wayar ta riƙa karanta masa saƙo a bayyane don ya ji yana kan babur, kuma ba wanda ya sanar da ita cewa ya mutu.

* * *

Ranar da Zakiyya ta fita takaba, dangi suka miƙa wa Abdulrauf babur ɗin da wayar, domin ya ci gaba da jigila tsakanin Dutse da Kiyawa ya ciyar da gidan. Zakiyya ta tare shi a zaure.

"Ba za ka fita da ita ba sai ka goge abin nan a gabana."

"Haba Adda, ni yaro ne?" Ya yi dariya, amma ya danna. "Ga shi nan, ta tafi."

"Saura uwar."

Dariyar ta ɗauke. Inna Hassana, wadda ta biyo su da casbi a hannu, ta tambaya wace uwa kuma.

Abdulrauf ya bayyana mata. Samarin unguwa ba su da kuɗin data, saboda haka mutum ɗaya ke sauko da manhaja, sauran su karɓa daga wayarsa. Fayil ɗin da ake turawa shi ne uwar. Ko an goge manhajar, yana nan kwance a lungun waya, dannawa ɗaya ta sake tsirowa.

"Da idona na ga maigida ya goge ta, ya rantse," in ji Zakiyya. "Kafin a yi azahar ta dawo. Daga nan take fitowa, Inna. Kuma rabin samarin layin nan daga hannunsa suka karɓa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ɗan farin akwatin da ke kan gilashin wayar.

"In an goge wannan, shi ke nan ba za ta ƙara magana ba?"

"Shi ke nan, Inna."

"To a bar shi."

"Inna!"

"Ke yarinya ce, za ki yi wani auren, ki ji wani sunan. Ni fa?" Ba ta ɗaga murya ba. "Ban ce a shuka ba. Iri ne, a bar shi a rumbu. Wa ya taɓa ganin iri ya ci mutum?"

Zakiyya ta dubi Abdulrauf tana neman ya goya mata baya. Ya kau da kai, ya zura wayar a aljihu.

* * *

Gidan ya yi tsit irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Inna Hassana ba ta mayar da ƙwaryar cikin sauran ƙore ba. Takan tsaya cak tana tsakiyar aiki, kunnenta a wajen ƙwaryar, sannan ta ci gaba. Ta rage cin abinci. Abdulrauf na lura.

Wata Juma'a bayan la'asar ya dawo da wuri, ya durƙusa kusa da tabarmarta.

"Inna, na dawo miki da ita. Sau ɗaya kawai, ki ji, in sake gogewa."

Bai faɗa mata cewa asusun yayansa ya ƙi buɗuwa ba, domin lambar sirrin ta bi mai ita kabari. Bai kuma faɗa mata cewa tun ranar Talata ya buɗe sabo ba, don kawai muryar ta samu abin faɗa.

Ya ajiye wayar cikin ƙwaryar. Tsohuwar ta gyara mayafi kamar mai jiran baƙo. Zakiyya ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya.

Wayar ta yi ƙara. Muryar nan ce, ba ta canza ba ko kaɗan.

"Abdulrauf."

Babu wanda ya nemi a fassara sauran. Inna Hassana ta buɗe baki, ga suna wanda al'ada ba ta hana ta kira ba, amma ya ƙi fitowa. A can bayan danga karsanar ta ja igiyarta, turken ya yi ɗan motsi a cikin ƙasa.