Awon Riga da Maganin Tari

Tun da ciwon mantuwa ya kama matarsa, tsohon tela ya zama baƙo a gidansa. Sai ta dube shi kamar mai karatun mita, ta tambaye shi wa yake nema.

Da tari ya sa ta gaba, ya sayo wani jan magani a kemis. Ikon Allah, in ta sha cokali ɗaya bayan azahar, sai ta koma budurwa. Takan tsaya jikin taga, rana na ratsa labule, ta miƙa masa hannu tana sunkuyar da kai.

"Yaron shago, auna ni da kyau. Kada ka matse mini hannun riga."

Shi kuwa sai ya ɗauko tef ya auna kafaɗa, ya auna damtse, yana jan aikin kamar yadda ya ja shi ranar da ya fara ganinta. Daɗi yake ji, ba ya musu. Amma tafiyarta ta koma tangaɗi, jiya ma ƙofa ce ta tare ta.

Da kwalbar ta ƙare ya koma kemis, ya tuna manhajar da autarsu ta sa masa a waya, manhajar da ta san duk magungunan uwar. Ya haska kwalin jan maganin da wayar. Wayar ta yi ja, wata murya mai sanyi ta ce irin wannan yakan ƙara wa tsofaffi ruɗewa da jiri, a tambayi mai magani.

"Baba, gaskiya ta faɗa," in ji mai kemis. "Ga wani, ba ya sa maye."

Tela ya daɗe riƙe da jar kwalbar. A cikinta budurwarsa take, kuma ita kaɗai ke masa murmushi a gidan nan. Tsoro ya kama shi: in ya ajiye, wa zai tarar? Ya tuna ƙarar kafaɗarta a jikin ƙofa. Ya ajiye, ya karɓi ɗayan.

Kwanaki suka wuce ba wanda ya tsaya jikin taga. Tangaɗi ya tafi, tari ya lafa, gidan ya yi shiru har kewa ta ishe shi.

Wata la'asar ya kasa haƙuri, ya ɗauko tef ya ɗora a kafaɗarta tana zaune. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi furfurarsa, ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "shekara nawa muna tare, har yanzu ba ka san awona ba?"

Tef ya zame daga hannunsa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta naɗe shi a yatsu biyu kamar yadda ta saba, ta sa masa a aljihu.